Yagewar meniskos: ɗinkewa daban, yankewa daban

Duk wanda ya ce min "an yi min aikin gwiwa, wai meniskos ne ya yage", tambayar farko da nake masa ita ce, ɗinkewa aka yi ko yankewa? Kuma wallahi da yawa shiru suke yi, ba su sani ba. Ba na ganin laifinsu, domin daga waje duk ɗaya ne, ƴan huji biyu ƙanana a gaban gwiwa, bandeji, sanduna, a sallame ka. Amma abin da aka yi a ciki ya bambanta nesa ba kusa ba, ɗaya an cire maka wani yanki na jikinka wanda ba zai taɓa tsirowa ba har abada, ɗayan kuma an mayar da shi mazauninsa an ɗinke ana fatan ya kama. Wannan bambancin shi ne zai iya nuna yadda gwiwar za ta kasance nan da shekara 15 ko 20, shi ya sa abin yake damuna idan na ga mutum ya sa hannu a takardar tiyata bai san wanne za a yi masa ba.

Toh meniskos ɗin dai guringuntsi ne mai ɗan tauri da danƙo, guda biyu ne a kowace gwiwa, ɗaya ta ɓangaren ciki ɗaya ta ɓangaren waje, suna zaune tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. Siffarsu kamar harafin C, gefen waje mai kauri, yana sirancewa yana shigowa ciki. Ƙarshen ƙashin cinya a dunƙule yake, saman ƙashin ƙwauri kuma kusan a baje yake, kaga in ba wani abu a tsakani duk nauyin mutum a ɗan ƙaramin wuri zai tare. Aikin da gammo yake yi tsakanin kai da kaya, shi meniskos yake yi a nan, yana baza nauyin. In ƙafa tana miƙe kusan rabin nauyin da ke ratsa gwiwar ta cikinsa yake bi, in ka lanƙwasa ta sosai abin yana haura kashi 80 cikin 100. Na ciki a ɗaure yake da bangon gwiwa, ba ya motsi sosai, kamar milimita 5 yake zamewa in ana lanƙwasa ƙafa, na waje kuwa yana kai wa ninki biyu na haka, shi ya sa na cikin ya fi yagewa, ba shi da damar kaucewa in an murɗe shi.

Akwai wani abu da in ka gane shi, duk sauran bayanin ɗinki zai zo maka da sauƙi. Zarurrukan da suka haɗa meniskos yawancinsu a zagaye suke tafiya, suna bin lanƙwasar C ɗin daga wannan kai zuwa wancan kai, kuma kawunan biyu a dashe suke cikin ƙashin ƙwauri, su ake ce wa saiwa. In ka taka ƙasa nauyi yana son ya matse meniskos ya turo shi waje, sai waɗannan zarurrukan su ɗame su riƙe shi. Matuƙar zagayen nan bai katse ba, meniskos yana aiki ko da an ɗan rage bakinsa. Ranar da zagayen ya katse, ko saiwar ta cire, yana nan a gwiwar ana ganinsa a hoto amma aikinsa ya tsaya.

Abin mamaki shi ne ɗinkin ba sabon abu ba ne. Tun 1883 wani likita a Edinbara ta ƙasar Sikotlan, Thomas Annandale, ya buɗe gwiwar wani mai haƙar ma'adinai ya ɗinke masa meniskos, kuma mutumin ya koma bakin aikinsa. Amma duniyar likitoci ba ta bi wannan hanyar ba. A 1897 wani likita, Bland Sutton, ya rubuta cewa meniskos ragowar tsoka ce marar amfani, kuma shekaru da dama bayan nan abin da ake yi kenan, in ya yage a buɗe gwiwa a cire shi gaba ɗaya, har ana ganin barin wani yanki a ciki kuskure ne. Mutane kuma suna samun sauƙi da farko, ciwon ya tafi, gwiwa ta daina maƙalewa, kowa na murna. Sai a 1948 wani likitan Ingila, Fairbank, ya bi hotunan ƙashin waɗanda aka cire wa nasu, ya ga tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan tana tsukewa, ƙarshen ƙashin cinya yana bajewa, wani tsiro na ƙashi yana fitowa a gefe, wato gaɓar ta fara cinyewa. Daga baya da aka auna a ɗakin gwaji aka ga in an cire meniskos duka, matsin da ke sauka a kan guringuntsin gaɓa yana ninkawa sau biyu zuwa uku. Duk da haka an daɗe kafin a daina.

Abin da ya canza wasan sosai kyamara ce. Daga Japan abin ya taso, Masaki Watanabe shi ya gyara na'urar leƙa cikin gaɓa har ta yi amfani, a 1962 ya yanke wani yanki na meniskos ta cikinta ba tare da ya tsaga gwiwa ba, ɗalibinsa Hiroshi Ikeuchi kuma a 1969 ya yi ɗinkin farko ta kyamara a Tokiyo. Yau kusan duk aikin meniskos haka ake yinsa, huji ɗaya na kyamara, ɗaya na kayan aiki, ana cika gwiwar da ruwan gishiri don ta buɗe a ga ko'ina.

Amma fa ba kowace yagewa ce ke ɗinkuwa ba, kuma dalilin jini ne. Nama ba ya warkewa in jini ba ya zuwa masa, zare riƙewa kawai yake yi kafin jiki ya yi nasa aikin. Tun 1936 wani mai bincike, King, ya gwada a jikin karnuka ya ga yagewar da ta kai gefen waje tana warkewa, wadda ta tsaya a ciki ba ta warkewa. A 1982 Arnoczky da Warren a Amurka suka nuna dalilin ƙarara, jijiyoyin jini daga bangon gwiwa suke shigowa, kuma a jikin babban mutum ba sa wuce kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na faɗin meniskos daga gefe. Shi ya sa likitoci suka raba shi gida uku, jan yanki a can gefe inda jini yake, sai ja-da-fari a tsakiya, sai farin yanki a bakin ciki inda babu jini sam, ruwan gaɓa kawai yake ciyar da shi. Yagewa a jan yanki tana kamawa da kyau. A tsakiya ana gwadawa, musamman ga matashi. A farin yanki kuwa yawanci gyara bakin ake yi a rage wanda ya yi lilo, duk da yanzu akwai likitocin da ke ɗinke har wasu na can ga yara da matasa saboda abin da za a rasa ya yi yawa. Jariri da aka haifa meniskos ɗinsa duk da jini yake, da girma ne jijiyoyin suke ja da baya.

Sai kuma yadda yagewar ta tafi. Wadda ta bi tsawon zarurrukan a tsaye, ita ce ta fi daɗin ɗinki, domin zagayen bai katse ba, tsagewa kawai ya yi. In irin wannan ta yi tsawo sosai sai yankin cikin ya kife ya faɗa tsakiyar gaɓa, kawunansa biyu suna manne, ita ce ake kira hannun bokiti, kuma ita ce ke kulle gwiwa mutum ya kasa miƙe ƙafarsa gaba ɗaya ko da zai yi kuka. Akwai wadda ke tasowa daga bakin ciki ta yanko zuwa gefe ta gitta zarurrukan, wannan mugunya ce in ta kai ƙarshe. Akwai ta kwance mai raba meniskos sama da ƙasa, an fi ganinta a manya. Akwai mai leɓe da ke lilo tana shiga tsakanin ƙashi. Akwai cirewar saiwa. Akwai kuma wadda ta haɗa biyu ko uku ta dagargaje.

Nima an yi min wannan aikin, yagewar tawa hannun bokiti ce ta ɓangaren ciki, kuma da yake allurar baya aka yi min, daga ƙugu zuwa ƙasa ne ya mutu, idona biyu, aka juyo min da sikirin ina kallo. Cikin gwiwa fari ne tas, yana sheƙi cikin ruwa, ban taɓa zaton haka yake ba. Likitan ya shigar da wani siririn ƙarfe mai ɗan ƙugiya a baki, ya taɓa wani farin abu da ya gitta tsakiyar hoton inda bai kamata a ga komai ba, ya ce "Malam ka ga wannan? Shi ne ya hana ka miƙe ƙafa." Ya tura shi a hankali, sai ga shi ya juya ya koma gefe ya kwanta a mazauninsa, sai layin yagewar ya bayyana, dogo, yana bin lanƙwasa. Bai fara ɗinki nan take ba. Sai da ya ɗauko wani abu mai kaushi ya goge bakin yagewar duka biyu da bangon da ke kusa, domin bakin da ya kwana biyu a yage yakan yi santsi ya mutu, in ka haɗa shi a haka ba zai manne ba. Sannan ya ce a rage ƙarfin famfon ruwan. Da matsin ruwan ya sauka sai na ga ƴan ɗigo-ɗigon ja suna fitowa daga gefen bangon, suna yin siririn hayaƙi a cikin ruwa. Ya ce "Alhamdulillahi, akwai jini, za mu ɗinke." Sai a lokacin aka yanke shawara, kafin nan shi kansa cewa ya yi min sai ya shiga ya gani, duk da hoton MRI da muke da shi. Wannan gaskiya ce da ya kamata kowa ya sani, hoto yana nuna akwai yagewa, amma ingancin naman da ko zai riƙe zare, sai an taɓa shi da ƙugiya.

Hanyoyin ɗinkin ta kyamara uku ne, kuma sunansu daga inda allura ke tasowa da inda take ƙarewa ne.

Ta farko daga ciki zuwa waje. Charles Henning ne ya yaɗa ta a Amurka a shekarun 1980, kuma har yau da ita ake auna sauran. Ana shigar da wani siririn bututu mai lanƙwasa ta hujin gaba a ɗora bakinsa kan meniskos, sai a turo doguwar allura mai laushi da zare a gindinta, ta huda meniskos, ta ratsa yagewar, ta huda bangon gwiwa ta fito ta baya. Zaren allura biyu ne da shi, ɗaya a kowane kai, sai a sake tura ta biyun kusa da ta farko, kaga zaren ya yi madauki ya rungumo yagewar kenan, sai a ƙulle kawunan biyu a bayan bangon gwiwa. Matsalar ita ce bayan gwiwa ba wurin wasa ba ne, manyan jijiyoyin jini da na ji da motsi duk ta nan suka bi, allura kuma a makance take fitowa. Don haka dole a yi wata tsaga ta santimita 3 zuwa 4 a gefen baya, a saka wani ƙarfe mai faɗin kai ya tare, mataimaki ya zauna yana kallon ramin, allura na fitowa ta daki ƙarfen ya cafke ta. Ta ɓangaren ciki jijiyar da ake tsoro ita ce mai kai ji ga fatar cikin ƙwauri, in an taɓa ta ko zare ya shaƙe ta sai mutum ya riƙa jin wurin ya mutu ko yana zugi. Ta ɓangaren waje abin ya fi haɗari, domin jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa sama ta nan take zagayawa kusa da kan ƙaramin ƙashin ƙwauri, in ta lalace ƙafa sai ta riƙa faɗuwa mutum yana jan yatsu a ƙasa. Shi ya sa ake lanƙwasa gwiwar sosai lokacin ɗinkin meniskos na waje don jijiyar ta koma baya ta ba da wuri. Duk da wannan wahala, amfaninta babba ne, allurar siririya ce ba ta yi wa meniskos babban rami, kuma likita zai iya jera ɗinki da yawa, sama da ƙasa, kowane milimita 3 zuwa 5. Ga doguwar yagewa irin hannun bokiti ni dai ina ganin har yanzu babu kamarta.

Ta biyu daga waje zuwa ciki, Russell Warren ya bayyana ta a 1985. Ita kuma daga fata ake sako allura mai rami a ciki, irin ta allurar baya, likita yana kallonta a sikirin tana hudo bango tana ratsa yagewar, sai a zura zare ta cikinta, a sako allura ta biyu da madaukin waya ko zare a kamo shi a fito da shi, a ƙulle a ƙarƙashin fata ta wata ƴar tsaga. Ba ta buƙatar kayan tsada. Ta fi dacewa da gaban meniskos da tsakiyarsa, inda sauran hanyoyin ba sa iya samun kusurwa mai kyau, can baya kuwa ba ta kai wa da daɗi.

Ta uku ita ce komai a ciki, babu ƙarin tsaga. Craig Morgan ya fara bayyana ta a 1991, daga nan kamfanoni suka shigo. Na farko-farkon wasu ƴan kibiyoyi ne masu tauri da ake harbawa cikin meniskos, wai su narke da kansu daga baya, amma sai aka ga suna karyewa, suna kwancewa, wasu kawunansu suna kankare guringuntsin ƙashin cinya, aka bar su. Na yanzu, irin su FasT-Fix, allura ce ɗauke da ƴan maƙalai biyu ƙanana da zare ya haɗa su, da ƙulli wanda an riga an yi shi mai zamewa. A huda a ajiye maƙali na farko a bayan bango, a ja baya a matsa gefe a huda a ajiye na biyu, sai a ja zaren ƙullin ya zame ya sauka kan meniskos ya matse yagewar, a yanke ragowar. A sikirin na ga yadda layin yake rufewa da ana jan zaren, har gefen biyu suka haɗu. Tana da sauri, ba ta buƙatar mataimaki a baya, kuma ita ce aka fi amfani da ita yanzu ga ƙahon baya, wato ƙarshen C ɗin da ke ta bayan gwiwa. Amma allurarta ta fi kauri, kuma dole a saita zurfin da za ta shiga, domin babbar jijiyar jinin bayan gwiwa tana kusa ƙwarai da ƙahon bayan meniskos na waje. Binciken da aka yi ana kwatanta ta da ta ciki-zuwa-waje bai nuna wani babban bambanci wajen warkewa ba. A aikace likitoci da yawa haɗawa suke yi a gwiwa ɗaya, wannan a baya, waccan a tsakiya, ɗayar a gaba, nima haka aka yi min.

Yadda zaren ya kwanta shi ma magana ce. Tunda zarurrukan meniskos a zagaye suke, ɗinkin da aka yi a tsaye yana rungumo su da yawa, ya fi ƙarfi. Wanda aka yi a kwance yana bin tsakaninsu ne, yana iya tsaga naman ya fita. Kuma ana so a sa a saman meniskos a sa a ƙasansa, in aka sa a sama kaɗai sai ƙasan ya buɗe baki.

Cirewar saiwa ita ce ta fi ba ni tausayi, domin an daɗe ba a gane ta ba kuma har yanzu tana wucewa ba a lura ba. Sau da yawa ba ɗan wasa take samu ba, mutum ne mai shekara 50 da wani abu, mata sun fi yawa, musamman in da ɗan jiki, ya tsuguna ko ya sauko daga mataki sai ya ji wani abu ya yi ƙas a bayan gwiwa da zafi mai tsanani. A 2008 wani bincike na Allaire da abokan aikinsa ya nuna cewa in saiwar bayan meniskos na ciki ta cire, matsin da gaɓar ke sha daidai yake da an cire meniskos ɗin gaba ɗaya. Yana zamewa ya fita daga tsakanin ƙasusuwan, kuma gaɓar tana iya lalacewa cikin ɗan lokaci. Gyaranta daban ne, ana goge wurin da saiwar take a kan ƙashi har ya yi jini, a huda siririn rami daga gaban ƙashin ƙwauri ya ɓullo daidai wurin, a ratsa zaruruwa masu ƙarfi a jikin saiwar, a jawo su ta ramin a ɗaure a kan wani ɗan maɓallin ƙarfe a gaban ƙashi. Amma in gaɓar ta riga ta cinye sosai ko ƙafar ta gwame da yawa, gyaran ba ya cika amfani. Ita ma yagewar da ta gitta zagayen, da can yanke ta kawai ake yi, yanzu ana ƙoƙarin haɗa ta da ɗinki mai gicciye, wani lokacin da ƙarin zare a kowane gefe da zai hana na tsakiya tsaga naman.

Likitoci sun lura da wani abu tun da daɗewa, meniskos ɗin da aka ɗinke a rana ɗaya da gyaran jijiyar tsakiyar gwiwa, wato ACL, ya fi warkewa. Dalili biyu ne, gwiwar ta daina zamewa tana jan ɗinkin, sannan hujin da ake yi a ƙashi don dasa sabuwar jijiya yana zubo jini da ɓargo cikin gaɓa. Shi ya sa in meniskos kaɗai ake ɗinkewa wasu sukan yi ƴan huji da gangan a ƙashin tsakiyar gaɓa inda nauyi ba ya sauka don ɓargon ya fito. Wasu sukan ɗebi jinin mutum su juya shi har ya yi guda su cusa a cikin yagewar kafin su ja zare, wasu su tsattsaga hanyoyi da allura daga jan yanki zuwa ciki. Akwai kuma allurar ruwan jini da aka tace, wadda ake ta tallarta, ita dai shaidarta ba ta yi ƙarfin da za a rantse da ita ba. Juyin maganar kuma, in ACL ta tsinke aka ɗinke meniskos aka bar ta a tsinke, ɗinkin yana cikin haɗari. Sigari ma tana rage warkewa, wanda ke sha ya kamata ya ajiye tun kafin aiki.

Yanzu ga inda mutane ke gudun ɗinki, jinyar. Wanda aka yanke wa yana takawa kusan nan take, cikin sati 4 zuwa 6 wasu sun koma guje-guje. Wanda aka ɗinke wa kuwa sanduna ne da abin ɗaure gwiwa mai ƙarafa a gefe na kamar sati 4 zuwa 6, ba a so ya lanƙwasa ta wuce digiri 90 da farko, in saiwa ce ko mai gittawa ma ba a yarda ya ɗora nauyi sam na kusan sati 6, tsugunne mai zurfi da murɗa gwiwa sai bayan wata 4, wasa kuma wata 4 zuwa 6 ko fiye. Cinya tana ramewa ka gan ta da idonka, kuma aikin farko da mai fisiyo, wato mai koya wa majinyaci motsa jiki, zai sa ka shi ne ka kwanta ka matse tsokar gaban cinya ka danna bayan gwiwa ƙasa, abu mai sauƙi a baki amma ranar farko za ka aika saƙo ƙafar ta ƙi amsawa. Masu kallon ƙwallo sun ga duka biyun a jikin mutum ɗaya. Luis Suarez an yi masa aikin meniskos na gwiwar hagu a watan Mayun 2014, ƙasa da wata ɗaya ya ci Ingila ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya a Birazil, irin wannan saurin na wanda aka rage wa ne. A Janairun 2020 da aka ɗinke masa na waje a gwiwar dama, Barcelona wata 4 ta ce zai yi. Ɗan wasa da gasa a gabansa yana da dalilin zaɓar sauri. Matashi mai shekara 20 da gwiwar za ta ɗauke shi wasu shekara 50, ni ban ga abin da sati shida na sanduna zai rage masa ba.

Ba zan ɓoye ba, ɗinki yana iya ƙin kamawa. In aka bi mutane sama da shekara 5, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar sai an sake komawa, kuma yawanci a karo na biyun yanke yankin ake yi. Ansu Fati, ɗan ƙwallon Barcelona a lokacin, ya yage na ciki a gwiwar hagu a Nuwamban 2020, aka ce wata 4, sai da aka sake shiga gwiwar fiye da sau ɗaya, bai dawo fili ba sai Satumban 2021, kuma wannan yaro ne matashi a hannun ƙwararru. Duk da haka ko ɗinkin ya gaza, sau da yawa wani ɓangare ya kama, abin da za a cire bai kai wanda da za a cire tun farko ba. Alamar ya saki ita ce kumburi da ke dawowa, zafi daidai layin gaɓa, ko maƙalewa. Kumburin sha-raɓa mai zafi, ko numfashi ya riƙa sarƙewa, ko zazzaɓi da gwiwa ta yi ja ta ɗau zafi, waɗannan ba na jira ba ne, asibiti ake tafiya a ranar, domin gudan jini ne ko ƙwayoyin cuta ake tsoro.

Duk wannan da na faɗa a kan yagewar rauni ne. Akwai wata iri ta daban ta tsufan nama, kuma a nan kuskuren da ake yi shi ne saurin shiga tiyata. A 2008 Englund da abokan aikinsa sun ɗauki hoton MRI na gwiwar mutane kusan dubu ɗaya masu shekara 50 zuwa 90 a garin Framingham na Amurka, ba tare da duba ko suna ciwo ba, sai aka ga lalacewar meniskos a kashi 19 cikin 100 na mata ƴan 50 zuwa 59, har zuwa kashi 56 na maza ƴan 70 zuwa 90, kuma kashi 61 na masu yagewar ba su ji wani ciwo ba a watan da ya gabata. Kaga ganin yagewa a hoto ba ya nufin ita ce ke ciwon. Sannan a 2013 aka fitar da binciken Finlan, mutum 146 masu shekara 35 zuwa 65 da irin wannan yagewa, rabi aka yanke musu da gaske, rabi aka shiga da kyamara aka yi motsin aiki ba a cire komai ba, su kuma ba su san wanne aka yi musu ba. Bayan shekara ɗaya duk sun samu sauƙi kusan daidai. Don haka in mutum ya haura 40 ko 50, ciwon a hankali ya zo, gwiwa ba ta kullewa, abin farawa shi ne motsa jiki na ƙarfafa cinya da ƙugu na aƙalla wata 3 da rage nauyi in akwai, sai fa in saiwa ce ta cire, wannan a duba ta da wuri.

Gwiwar da ta kulle kuwa kar a zauna da ita ana jira ta saki. Yankin da ya kife yana nan ana taka shi kullum, yana murɗewa yana ƙanƙancewa yana tsattsagewa, wanda za a iya ɗinkewa a makonnin farko bayan watanni sai a tarar ba ya komawa mazauninsa. Kafin ranar aiki ka tambayi likita kai tsaye, in kun tarar yana ɗinkuwa za ku ɗinke, kuma kayan ɗinkin suna nan a ɗakin tiyata a shirye? Ka gaya masa ka yarda da doguwar jinyar, domin wani lokacin ana yankewa ne saboda an ɗauka mutum ba zai jure sanduna ba. In kuma dole sai an yanke, a cire wanda ya lalace kawai a bar gefen zagayen.

Wanda aka riga aka cire wa da yawa, yana matashi, kuma wurin ya fara ciwo amma gaɓar ba ta cinye ba tukuna, akwai dashen meniskos daga jikin mamaci da ya bayar, an fara shi a Munik ta Jamus a 1984. Ana auna girmansa da hoto don ya yi daidai, a dasa saiwoyinsa cikin ƙashi a ɗinke gefensa da bango da irin waɗancan hanyoyin uku, kuma sai an tabbatar ƙafar a miƙe take kuma jijiyoyin gwiwar suna riƙe, in ba haka ba a gyara su tare. Yana rage ciwo na shekaru masu yawa, amma ba a ko'ina ake samunsa ba, kuma shi ma yana iya yagewa ko ya ƙanƙance daga baya.